Gyaran Laka Da Toka Domin Hanyoyin Mota: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasar Karaye Da Rogo

An shirya wannan ɗan littafi ne domin hakimai da dagatai da malaman da ke riƙe da littattafan gunduma, musamman na Turawa da kewayenta cikin ƙasar Karaye da Rogo. Abin nufi shi ne a bayyana dalilin da ya sa hanyar mota ta kan lalace a wuri ɗaya ko wace shekara, ko da an gyara ta, da kuma yadda tokar buntun shinkafa da ta tuƙar rake za su taimaka wajen maganin wannan. Tun da fari ya kamata a san cewa toka mataimakiya ce kawai. Tana rage tsadar aiki, amma ba ta isa ita kaɗai ba, kuma ba ta da amfani sai an ƙona ta daidai, an gwada ta, an kuma kiyaye hanya daga kwanciyar ruwa.

Inda ciwon ya ke

Yawancin ƙasar Karaye da Rogo tudu ce mai jar ƙasa da rairayi, kuma a kan sami marmara da burji a wurare da yawa. Irin wannan ƙasa tana ɗaukar hanya ba tare da wata wahala ba. Amma hanya ba ta tafiya bisa tudu kaɗai. Tilas ta gangara cikin kwari, ta ratsa fadama, ta ƙetare rafi, sa'an nan ta sake hawa. A waɗannan wurare ne ruwa ya daɗe yana tara laka mai laushi, baƙa ko mai ruwan toka, kuma a nan ne hanya ta kan yanke. Ƙasar Turawa tana da irin waɗannan wurare, domin tana kusa da kogin Challawa da babbar madatsar ruwan da aka gama ginawa a kansa cikin 1992, kuma ƙananan rafuka suna gangarowa daga tudu zuwa can.

Hasarar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. Hanya mai tsawon kilomita 20, in mita 200 kaɗai suka lalace daga cikinta a watan Agusta, to, duk hanyar ta mutu. Motar taki ba ta shiga, motar amfanin gona ba ta fita, mai rake da mai tumatir su sayar da araha ko kayansu su ruɓe. Abin da ya fi wannan nauyi kuwa shi ne maras lafiya, ko mace mai naƙuda, da za a kai asibiti cikin dare a tarar mota ta kafe.

Halin laka mai kumburi

Ba ko wace laka ce ke kumburi ba. Wadda ke yin haka tana ƙunshe da wani ma'adini da masana ke kira montmorilonait, sunan da aka samo daga wani gari a ƙasar Faransa. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, kuma a jere su ke falle bisa falle kamar takardun littafi. Idan damina ta sauka ruwa ya kan shiga tsakanin fallayen ya buɗa su, sai ƙasa ta kumbura ta yi laushi. Idan rani ya yi ruwan ya fita, sai ta tsuke ta dare, har a ga tsaga wadda hannun mutum zai shiga.

A Nijeriya inda irin wannan ƙasa ta fi yawa shi ne arewa maso gabas, watau firkin Borno inda a ke shuka masakwa, da waɗansu sassa na Gombe da Adamawa wajen Numan. Hanyar Maiduguri zuwa Dikwa da Gamboru Ngala bisa irinta ta bi. Injiniyoyi suna kiranta baƙar ƙasar auduga, domin a ƙasar Indiya a kanta a ke noman auduga da yawa. Ta ƙasar Karaye da Rogo ba ta kai wannan faɗi ba, tsibi-tsibi ta ke cikin fadamu, kuma ƙarfin kumburinta ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Wannan ya sa gwaji ya zama tilas.

Ga yadda ta ke kashe hanya. Tsakiyar hanya a rufe ta ke da burji ko kwalta, saboda haka laimar da ke ƙarƙashinta ba ta sākewa da sauri. Gefuna kuwa suna jiƙewa da damina su ɗaga, su bushe da rani su sauka. Wannan hawa da sauka shi ke tsaga hanya a tsaye, kusa da bakinta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ruwan farko ya sauka sai ya bi tsagar ya jiƙa ƙarƙashi, babbar mota ta bi ta kai, wurin ya lotsa. Wanda ya zuba burji cikin ramin bai taɓa ciwon ba, domin laka tana nan a ƙasa, baɗi ma haka za ta yi.

Yadda a ke gane ta

Akwai alamu uku waɗanda ba su bukatar injiniya. Ta fari, a duba wurin cikin watan Maris ko Afrilu a ga ko ƙasa ta dare, a auna faɗin tsagar da zurfinta da kara. Ta biyu, a jiƙa ƙasar kaɗan a murza ta a tafin hannu. In ta miƙe siririya kamar zare ba ta karye ba, tana kuma manne wa yatsu, to, laka ce mai ƙarfi. Ta uku, a daka busasshiyar ƙasar a tankaɗe, a zuba ludayi guda cikin kwalba mai haske a yi alama inda ta tsaya, a cika kwalbar da ruwa a bar ta kwana. In ƙasar ta tashi ta ƙaru da rabin yawanta, abin tuhuma ce. In ta ninka, lalle ba a aza hanya a kanta sai an yi mata magani.

Magungunan da aka sani

Hanya ta fari ita ce a haƙe lakar a zubar, a kawo burji daga wani wuri a cike. Wannan yana da kyau in lakar ba ta da zurfi kuma ramin burji yana kusa, amma kuɗin jigila ya kan cinye aikin. Ta biyu ita ce a gauraya lakar da siminti ko da farar ƙasa. A nan sai a lura, farar ƙasar da a ke nufi ita ce wadda a ke samu in an ƙona dutsen da a ke yin siminti da shi. Wadda a ke haƙowa a shafe ɗaki da ita ba ta wannan aiki. Farar ƙasa ƙonanniya ta fi siminti dacewa da laka mai danƙo, domin da ta taɓa ta sai ƙwayoyin lakar su dunƙule, danƙon ya ragu, ƙasar ta yi gari-gari. Amma dukansu biyu sayensu a ke yi, a kuma ɗauko su daga nesa, kuma aikin hanya yana cinsu tan-tan. Don haka ne masana suka nemi abin da zai rage yawansu, suka komo ga toka.

Abin da ke cikin toka

Wannan ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Hausa. Magina na dā sun san laso, wanda a ke haɗawa da katsi, watau ƙonannen abin da ya kwanta a gindin karofi, tare da gashin awaki da ruwan dafara, a shafe soro ko ramin rini da shi ruwa ya kasa ratsawa. Mata kuma sun san makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, wadda ke ƙarfafa daɓe. A ƙasar Italiya ma Rumawa sun gauraya farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, wadda su ke ɗebowa wajen garin Pozzuoli, suka yi gine-ginen da waɗansunsu ke tsaye har yau bayan shekara kusan 2000.

Asirin abin shi ne wani sinadari da a ke kira silika, wanda shi ne asalin yashi. Shinkafa da rake suna tsotso shi daga ƙasa su tara a jikinsu, shi ya sa buntu ke da kaushi. In an ƙona buntu, tokar da ta rage kashi 85 zuwa 95 cikin 100 silika ce. Ta tuƙar rake ba ta kai haka ba, amma sau da yawa ta kan wuce rabi. Silikar yashi ba ta haɗuwa da kome, amma ta toka, in an ƙona ta daidai, tana narkewa cikin ruwan farar ƙasa su haɗu su zama wani abu mai kama da wanda ke sa siminti ya daskare. Wannan shi ke ɗaure ƙwayoyin laka ya hana su shan ruwa. Haɗuwar ba ta sauri. Tana somawa cikin kwanaki, ta yi ta ƙaruwa har watanni. Abin lura shi ne silika tana bukatar farar ƙasa ko siminti kafin ta yi wannan aiki, kamar yadda gari ke bukatar ruwa kafin ya zama tuwo.

Tokar da ke da amfani

Zafin da ya dace da ƙona buntu shi ne digiri 500 zuwa 700 a ma'aunin santigired, a hankali, da isasshiyar iska. In wuta ba ta ci sosai ba toka ta kan fito baƙa, cike da gawayi, kuma gawayi yana shan ruwa ya raunana hanya. In zafi ya wuce kamar digiri 800 ya daɗe, silika ta kan koma halin yashi, ta daina aiki. Toka mai kyau ita ce fara-fara ko mai ruwan toka mai haske, mai laushi a hannu. A kan tankaɗe ta, a daka ta in da hali, domin iyakar laushinta iyakar ƙarfinta. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce silika da sinadaran alminiyam da na ƙarfe, in an haɗa su, su kai kashi 70 cikin 100 na tokar. Wannan sai a ɗakin gwaji a ke sanin sa.

Wuraren samun toka ba su da nisa. Ana noman rake a fadamun wannan yanki da na Maƙarfi, kuma masu yin mazarƙwaila da busasshiyar tuƙa su ke hura wuta, tokar kuwa ta taru a bakin murhu. Buntu yana taruwa a duk inda injin casar shinkafa ya ke, ya fi yawa kuma wajen Kura, inda noman rani ya bunƙasa da ruwan madatsar Tiga wadda aka gama cikin 1974. An gwada tokar ɓawon gyaɗa da ta ɓawon ɗorawa da ta totuwar masara, amma ba su kai ta buntu silika ba.

Wajibi ne a yi gargaɗi a nan. Kada wani ya ji wannan bayani ya sa talakawa su ƙone karan dawa ko harawa ko dusa domin neman toka. Waɗannan abincin dabbobi ne, kuma abin da ya ruɓe a gona taki ne. Abin da a ke nema shi ne wanda dā ma zubar da shi a ke yi, ko wanda aka riga aka ƙona domin wata bukata.

Abin da masu bincike suka gano

Farfesa S. A. Ola ya binciki halin baƙar ƙasar arewa maso gabas cikin shekarun 1970 da 1980, haka kuma Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya wadda aka kafa cikin 1978. Daga baya Farfesa K. J. Osinubi da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi gwaje-gwaje masu yawa a kan gauraya wannan ƙasa da jar ƙasa da tokar tuƙar rake da ta ɓawon ɗorawa da sauransu.

Ma'aunin da a ke gwada ƙarfin ƙasar hanya da shi an ƙago shi ne a jihar Kalifoniya ta Amurka. A kan danna wani ƙarfe cikin ƙasar da aka daɓe, a kwatanta ƙarfinta da na niƙaƙƙen dutse mai kyau, wanda aka ba lamba 100. Ƙa'idodin aikin hanya na Gwamnatin Tarayya na 1997 sun bukaci lamba 30 ga shimfiɗar ƙasa, da lamba 80 ga shimfiɗar da kwalta ke hawa kai. Laka mai kumburi, in an jiƙa ta, sau da yawa ba ta kai lamba 5. Abin da gwaje-gwajen suka nuna a dunƙule shi ne, toka ita kaɗai tana rage danƙo da kumburi, tana kuma ɗaga lambar, amma ba ta kai ta ga abin da a ke bukata ga shimfiɗar sama. In aka haɗa ta da farar ƙasa ko siminti kaɗan, sai ƙarfin ya ƙaru sosai, a kuma rage abin da za a saya. An ga kuma cewa toka tana da iyaka. In ta yi yawa, wadda ba ta sami abokin haɗuwa ba ta kan zauna kamar ƙura, ƙarfi ya koma baya. Yawanci gwargwadon da ya dace ya kan faɗa tsakanin kashi 4 da kashi 10 cikin 100 na nauyin busasshiyar ƙasa. Akasarin wannan ilmi daga ɗakin gwaji ya fito, saboda haka hikima ita ce a fara da ɗan gajeren wuri, a ga yadda zai yi da damina biyu, kafin a faɗaɗa.

Lissafin toka

Ga misali domin malamai su ga girman abin. Hanya mai tsawon kilomita 1 da faɗin mita 6, in za a gyara ƙasarta zurfin santimita 15, watau inci 6, nauyin ƙasar ya kai kamar tan 1,500. In injiniya ya ce a sa toka kashi 6 da farar ƙasa kashi 3, ana bukatar toka tan 90 da farar ƙasa tan 45. Buntu kuwa kamar kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shinkafa, toka kuma kamar kashi ɗaya cikin biyar na buntu. Ke nan toka tan 90 sai an ƙona buntu tan 450, wanda ya fito daga shinkafa tan 2,250. Tuƙar rake ma ba ta ba da toka kamar haka. Daga nan za a gane cewa ba a shimfiɗe hanya duka da toka. Amma mummunan wuri mai mita 200 tan 18 kaɗai ya ke bukata, wannan kuwa gunduma tana iya tarawa cikin rani guda.

Yadda a ke aikin

1. A ɗebi ƙasar wurin da tokar da za a yi aiki da ita a kai ɗakin gwaji, kamar na Jami'ar Bayero a Kano ko na Zariya. A nan za a faɗi gwargwado, a kuma duba ko ƙasar tana da gishirin da ke sa ta ƙara kumburi in ta haɗu da farar ƙasa, domin akwai irin wannan.

2. A yi aikin da rani. A kankare ciyawa da saiwoyi da baƙar ƙasar sama, domin ruɓaɓɓen ganye yana hana haɗuwar. A kafce lakar a farfashe hoge.

3. A baza farar ƙasa da toka bisa awo, a gauraya har launi ya zama ɗaya. In da farar ƙasa a ke yi, a yayyafa ruwa a bar ta kwana ɗaya ko biyu ta saki. In da siminti ne, a gama daɓewa cikin awa 2.

4. A sa ruwa daidai. Alamarsa ita ce a dunƙula ƙasar a hannu ta tsaya ba ta jiƙa tafin hannu ba.

5. A daɓe da rola, shimfiɗa ɗaya kada ta wuce santimita 15. A ɗaga wurin ya fi fadama tudu, a yi wa hanya doro domin ruwa ya zube gefe.

6. A riƙa yayyafa ruwa kwana 7, a hana manyan motoci bi, sa'an nan a rufe da burji. Ba a barin ta a buɗe, domin taya tana cinye ta.

Farar ƙasa tana ƙona fata da ido, ƙurar toka kuma tana cutar huhu. Lalle ne ma'aikata su rufe hanci da baki, su sa takalma da safar hannu, a ajiye ruwan wanke ido kusa, a kuma kori yara daga wurin.

Aikin hakimai da malamai

Gwaji da awo aikin injiniya ne, kuɗi kuma na ƙaramar hukuma ne da Ma'aikatar Ayyuka. Amma akwai abin da babu mai iya yin sa sai wanda ke zaune a ƙasar. Injiniya ya kan zo da rani ya tarar da hanya a bushe, dagaci kuwa ya san inda mota ta kafe bara da bara waccan.

Saboda haka ya kamata ko wane hakimi ya sa malaminsa ya buɗe littafin hanyoyi. A rubuta ko wane mummunan wuri da sunan da mutane suka san shi da shi, da tsawonsa, da watan da ya kan yanke, da yawan kwanakin da ya yi a yanke, da inda ruwa ya kan kai, da faɗin tsagarsa da rani. A wani shafi a rubuta injinan casa da wuraren yin mazarƙwaila, da kimanin buhunan buntu ko toka da su ke zubarwa a wata. Takardar neman gyara mai ɗauke da irin wannan lissafi ta fi wadda aka ce kawai hanya ta lalace nauyi a gaban hukuma.

Ya kamata kuma hakimi ya sasanta da masu injina da masu murhu a kan tara toka, bisa yarda da farashin da aka amince, ba da tilas ba. A keɓe mata rumfa, domin tokar da ruwa ya doka ko ta gauraya da shara ta ɓaci. Bayan an gama aiki, dagatai da masu unguwa su ga an yashe lambatu da kwalbati kafin ruwan farko, a hana noma har bakin hanya, a hana tare magudana domin ban ruwa, a kuma toshe ko wace tsaga tun tana ƙarama.

Ruwa ne ke ta da laka, kuma hanyar da ruwa ya kwanta a gefenta za ta lalace ko da me aka gauraya ta. Inda aka gwada ƙasa, aka ƙona toka daidai, aka daɓe da kyau, aka kuma ba ruwa hanyar wucewa, abin da dā a ke zubarwa a bayan inji zai iya riƙe mashigin fadama mota ta wuce cikin Agusta. Ana fatan hakimai za su sa a karanta wannan bayani a gaban dagatai da masu unguwa, a kuma buɗe littafin hanyoyi tun cikin wannan rani. Allah ya ba da ikon aikatawa, amin.